Takardar da ke cikin kwalla: nazarin ciwon hanjin wani tela a Tawa

Wannan bayanin wani majinyaci ne da na bi lamarinsa a ƙaramin asibitin da nake aiki a Tawa, daga Disamban 2022 zuwa Agustan 2024. Na ɓoye sunansa da unguwarsa. Ciwonsa gyambon babban hanji ne, wanda takardun likita a ƙasarmu ke rubutawa RCH, ɗaya daga cikin cututtuka biyu na kumburin hanji mai daɗewa. Ɗayar ita ce cutar Crohn, mai sunan likitan Amurka da ya bayyana ta tare da abokan aikinsa a 1932. Zan fi tsayawa a kan awon jininsa, wato NFS mai ƙidaya ƙwayoyin jini, don shi ne awon da labo ke fitarwa cikin awa guda a kan jaka kaɗan, kuma a kansa muka ɓace hanya, a kansa muka dawo.

## Majinyacin, da abin da ake dubawa a NFS

Tela ne ɗan shekara 29, da mata ɗaya da yara biyu. Kamar yawancin samarin Adar, ya yi bida a Abijan, shekara huɗu, ya dawo a 2021 ya buɗe shago da keke biyu. Nauyinsa kilo 64. Ba shi da emasi, kuma babu wanda aka sani da irin wannan lalura a danginsu. Ya bar shan taba farkon 2022. Na ambaci haka ne don RCH ta fi kama waɗanda ba sa shan taba da waɗanda suka bari, saɓanin cutar Crohn da taba ke rura wa wuta. Wannan bai zama hujjar komawa taba ba, na kuma faɗa masa haka ya fi a ƙirga.

Jini na ɗauke da ƙwayoyi iri uku. Cikin farare, nutrofil su ne ke fara isa inda aka yi rauni, kuma a RCH su ne ke cika bangon hanji har su taru su yi ƙananan ƙuraje masu mugunya. Zamansu a jini na sa'o'i ne kawai. Limfosit kuwa sukan ragu idan jiki na cikin wahala. Idan aka raba adadin nutrofil da na limfosit, sai a sami lamba ɗaya da ake kira NLR. Wani likita a Slobakiya, Roman Zahorec, ya kawo shawarar amfani da ita a 2001 ga majinyatan ɗakin kulawa ta musamman. Daga baya aka gwada ta a ciwon hanji, kuma binciken da aka yi a Turkiyya wajen 2012 da 2013 ya sa iyakarta sama da 2 kaɗan: wanda ya haura nan, ana zaton ciwonsa a tashe yake.

Na biyu su ne plaket, masu daskarar da jini. Hanji mai kumburi yana sakin sinadarin IL-6, shi kuma ya sa hanta ta ƙara fitar da abin da ke umartar ɓargo ya ƙera plaket. Sukan yi kwana 7 zuwa 10 a jini, kuma lafiyayye yana da 150,000 zuwa 400,000 a kowace mikrolita. Na uku jajaye, masu kwana 120. A kansu ana duba hemoglobin, da girman ƙwaya da ake rubutawa VGM ko MCV, da RDW mai nuna yadda girmansu ya bambanta. Ke nan nutrofil labarin yau suke bayarwa, plaket na makon jiya, jajaye na watannin baya.

## Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023: ana maganin atuni

Ciwon ya fara ƙarshen damina. Zawo sau huɗu ko biyar a yini, da majina da jini, ya gama ya ji kamar bai gama ba. Da kansa ya ce atuni ne, ya sayi Flagyl wurin mai tallan magani. Ya lafa kwana goma, ya dawo. A CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, aka ba shi Flagyl da siprofuloksasin. Mahaifiyarsa ta ce ɗan kanoma ne, ta jiƙa bagaruwa ya riƙa zama a ciki, ta dafa masa sabara.

Ranar 14 ga Disamba ya zo wurina. NFS ya nuna hemoglobin 12.0, fararen ƙwayoyi 6,400, nutrofil 3,700, limfosit 2,000, plaket 410,000, VGM 81, RDW 15.2. Na duba fararen na ga suna tsakiyar iyaka, na duba hemoglobin na ce ƙarancin jini ne kaɗan, plaket kuwa na wuce su da ido. Awon bayan gida ya nuna ƙwan amiba. Madubin labo ba ya bambance amiba mai cutarwa da ƴar uwarta marar cutarwa, don kamarsu ɗaya, kuma mutane da yawa a nan suna ɗauke da ƙwan ba tare da ciwo ba. Duk da haka na rubuta Flagyl karo na uku, na haɗa da ƙwayar ƙarin jini. Ƙwayar ta riƙa murɗa masa ciki, ya aje ta bayan mako uku.

A Fabrairu ya je wani wuri aka yi masa awon Widal, aka ce taifot ne, ya sha magani kwana goma. Ba a yi NFS ba a lokacin.

## Afrilu 2023: ciwo ya yi tsanani

Watan azumi shi ne kakar tela. Ya ɗauki azumi, yana kwana a kan keke saboda ɗinkin Sallah, yana shan diklofenak bayan buɗa baki don ciwon baya. Irin wannan maganin ciwon jiki yana iya tayar da RCH. Ranar 12 ga Afrilu yayansa ya kawo shi a babur, wani yaro na riƙe da shi ta baya. Tafin hannunsa fari fat, zariyar wandon da ya ɗinka wa kansa bara sai da ya zagaya da ita sau biyu. Zawon jini sau 8 zuwa 9 a yini, uku daga ciki da dare. Zafin jiki 38.1, bugun zuciya 104, nauyi kilo 55.

NFS: hemoglobin 9.4, farare 9,200, nutrofil 6,300, limfosit 1,800, plaket 585,000, VGM 72, RDW 18.4. VS 62, CRP 48, awo biyu da ke hawa idan akwai kumburi a jiki. Awon masassara da na sida ba su nuna komai ba, hoton ƙirji lafiya lau. Adadin fararen har yanzu bai wuce iyakar da injin ke sa wa tauraro ba, amma NLR ta kai 3.5. Wannan karon na ɗauko takardar Disamba na shimfiɗa ta kusa da sabuwar. Taifot da masassara rage plaket suke yi, nasa kuwa hawa suke. Amiba kuma da wuya ta tsallake Flagyl sau uku.

Akwai ma'aunin da Truelove da Witts suka kafa a Ingila tun 1955 don gane RCH mai tsanani, har yau da shi ake aiki: zawon jini sau shida ko fiye a yini, tare da ɗaya cikin huɗu, wato zafi sama da 37.8, bugun zuciya sama da 90, hemoglobin ƙasa da 10.5, ko VS sama da 30. Shi duk huɗun ya cika.

Yayan ya ce, "Likita, a ƙara masa jini mana mu koma gida, Sallah ta matso."

Na ce, "Alhaji, tulun ne ke yoyo. Sai an leƙa an ga inda ya fashe, kuma na'urar leƙen tana Yamai."

Ya yi shiru yana lissafi, don tafiyar ta kai kilomita 550, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Washegari da asuba suka shiga mota.

## 14 zuwa 24 ga Afrilu 2023: Yamai

Ranar 15 likitan ciki ya leƙa ƙarshen hanjin da na'ura. Kumburi ne a haɗe, ya faro daga dubura ya yi sama ba tare da tsallake wani wuri ba, bango ja wur, da gyambo, yana zubar da jini ko ba a taɓa ba. Gani ya kori ji. An yanki ɗan nama don awo, kuma da sakamako ya fito babu amiba, babu ƙwan tsagiyar hanji, babu alamar tibi. Ba a banza ake neman waɗannan ba: kortizon, maganin da ake kwantar da kumburin da shi, a kan atunin amiba yana iya fasa hanji, a kan tibi kuma ya yaɗa ta. Don haka ma aka ba shi ibamektin kafin a fara, saboda wata tsutsar ciki da kortizon ke sakar wa mara.

An sa masa kortizon mai suna metilprednisolon miligram 60 a yini ta jijiya, da allurar hana daskarewar jini. Alhaji ya ɗaga murya a kan allurar, yana ganin mai zubar da jini ba a yi masa wannan ba. Aka yi masa bayani cewa mai RCH a tashe ya fi sauran mutane haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ko huhu, kuma allurar kariya ba ta ƙara zubar jinin hanji yadda ake tsoro.

Rana ta uku, 18 ga wata, Alhaji ya turo mini hoton NFS ta WhatsApp da saƙon murya, hankali a tashe. Ni na koya masa raba lambobin nan biyu kafin su tafi, shi kuwa ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya ba shi wuya. Nutrofil 10,400, limfosit 1,100. NLR ta tashi daga 3.5 zuwa 9.5.

Na tambaye shi sau nawa ƙanin ya zagaya jiya. Ya ce huɗu, jinin ma ya ragu, har ya sha kunu ya nemi ƙari. CRP ta sauko 22, bugun zuciya 84. Kortizon ne ya yi aikinsa: yana sakin nutrofil da ke manne da bangon jijiyoyi su shiga cikin jini, yana kuma korar limfosit daga jini zuwa maɓoyarsu. Sama ta ƙaru, ƙasa ta ragu, dole rabo ya yi tsalle. Abin da ake dogara da shi a rana ta uku shi ne ma'aunin Oxford na 1996: zawo fiye da sau 8, ko sau 3 zuwa 8 tare da CRP sama da 45, shi ke nuna kortizon ya gaza. Bai faɗa cikin ko ɗaya ba. Plaket na 560,000, ba su motsa sosai ba, kuma ba a sa ran su motsa cikin kwana uku.

Feritin ɗinsa, awon ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, 41 ne. Ga lafiyayye wannan ba laifi, amma kumburi na ɗaga feritin, don haka a ciwo mai tashe duk abin da ke ƙasa da 100 ana ɗaukarsa ƙarancin sinadarin ƙarfe. IL-6 ɗin nan da ke ƙara plaket shi ke sa hanta ta fitar da hepsidin, mai toshe hanyar da hanji ke tsotsar ƙarfen. Ƙwayar da na ba shi a Disamba wucewa kawai take yi. An ba shi sinadarin ƙarfen ta jijiya, sau biyu.

Kafin a sallame shi aka auna G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyi, domin sulfasalazin yana fasa jajayen ƙwayoyin masu ƙarancinsa, kuma suna da yawa a yankinmu. Nasa lafiya. Aka zaɓi sulfasalazin don ya fi mesalazin araha, ƙwaya shida ta miligram 500 a yini, da folik asid, da kortizon na sha, prednison, miligram 40 da za a riƙa ragewa cikin mako takwas. An gaya masa fitsarinsa zai yi ruwan goro kada ya tsorata. A gadon asibiti ya yi Sallah.

## Yuli zuwa Satumba 2023: sauƙi, sai masassara

Mun sayi littafin ɗan lakwal mai shafi 32, na ja layuka: kwanan wata, yawan zagayawa, hemoglobin, nutrofil, limfosit, plaket, da maganin da yake sha a ranar. NFS sau ɗaya a wata. A Yuli, wata guda bayan gama prednison, hemoglobin 11.8, nutrofil 2,100, limfosit 2,000, plaket 340,000. Yana zagayawa sau biyu, ba jini.

Ranar 19 ga Satumba ya zo da zazzaɓi da zawo sau uku, ba jini a ciki. A aljihunsa da ragowar prednison, yana neman izini ya koma sha. CRP 70, nutrofil 3,400, limfosit 700, NLR 4.9. Plaket kuwa 96,000. Hanji mai kumburi ba ya zubar da plaket haka cikin wata guda. Masassarar cizon sauro ce ke yin wannan, ita ce kuma ke rage limfosit. TDR, awon masassara na nan take, ya tabbatar. Ya sha Coartem kwana uku, bayan mako biyu plaket suka koma 300,000.

Akwai wata lamba da ake yawan ambata tare da NLR, wato PLR, rabon plaket da limfosit. A Afrilu tasa 325 ce. A ranar masassarar ta ba da 137, kamar ta lafiyayye, saboda sama da ƙasa sun faɗi tare.

## Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: magani ya yanke

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, alhali a lokacin ta tashar Kwatano yawancin kaya ke shigowa. Zuwa Nuwamba ya zagaye farmasi bai sami sulfasalazin ba. Sai ya riƙa tattala wanda ya rage, ƙwaya biyu maimakon shida, bai gaya wa kowa ba.

A Disamba ya ce lafiya lau, sai dai yana zagayawa sau uku. CRP 5, nutrofil 3,300, limfosit 1,900, NLR 1.7, plaket 395,000. Ranar 16 ga Janairu: CRP 8, nutrofil 3,800, limfosit 1,900, NLR 2.0, plaket 455,000. Ba zazzaɓi, ba kortizon, TDR bai nuna komai ba, feritin 85. Lambar ba ta kai iyakar da ke cikin littattafai ba, amma layin da ke littafinmu hawa yake tun Oktoba. Na tambaye shi ko ya taɓa awon jini kafin wannan ciwo. Ya ce bai tuna ba. Matarsa, wadda ke zaune a bakin ƙofa da goyo, ta ce, "Maigida, lokacin aikin ƙaba fa? Takardun suna nan, ni na aje."

Washegari ta kawo su cikin leda, daga ƙasan kwallar da take aje kayan aurenta, suna ƙamshin turaren wuta. NFS ne na Nuwamban 2021, kafin a yi masa aikin ƙaba, lokacin yana da ƙoshin lafiya: hemoglobin 14.1, farare 4,300, nutrofil 1,600, limfosit 2,100, plaket 230,000. NLR ɗinsa ta asali 0.8 ce.

Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a kan jajayen ƙwayoyinsu, halittar da ke kare su daga nau'in masassarar bibaks. Masu wannan halitta nutrofil ɗinsu a jini ƙasa suke da na Turawa da mutanen Asiya, ba tare da wata illa ba. Takardarsa ta 2021 ta yi daidai da haka. Ke nan 2.0 a wurinsa ninki biyu da rabi ne na asalinsa, plaket kuma sun kusa ninkawa. Da na nuna masa layukan biyu, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi maganar ƙwaya biyun.

Mun aika da bayan gidansa wani labo mai zaman kansa a Yamai don awon kalprotektin, sinadarin da ke fita daga nutrofil ɗin da suka shiga hanji. Wannan awon hanjin kansa yake dubawa, masassara ko ciwon haƙori ba sa ruɗa shi kamar yadda suke ruɗa jini. Ƙasa da 50 lafiya, sama da 250 alamar ciwo a tashe. Nasa 620, kuma sai bayan mako biyu sakamakon ya iso. Ba mu jira shi ba. Wani ɗan uwansa ya aiko da magani daga Abijan, ya koma ƙwaya shida, likitan Yamai ya ƙara masa mesalazin na matsawa ta dubura kowane dare. Ba a koma kortizon ba.

## Maris zuwa Agusta 2024

An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu. Farkon Maris NLR 1.1, plaket 310,000. Ya yi azumi, an raba masa ƙwayoyin tsakanin sahur da buɗa baki, aka hana shi diklofenak, sai parasetamol. A Agusta ya koma Yamai aka leƙa babban hanjin gaba ɗaya: ciwon bai wuce ɓangaren hagu ba, gyambon ya warke, sai ɗan ja kaɗan a dubura. Hemoglobin 13.6, nutrofil 1,700, limfosit 2,100, NLR 0.8, plaket 245,000, VGM 88, RDW 13.6. Nauyi kilo 62.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Wata shida aka yi ana maganin atuni da taifot, kuma huɗu daga ciki suna wuyana. Takardar Disamban 2022 tana ɗauke da plaket sama da iyaka, da VGM mai sauka, da RDW mai hawa, a jikin mai zawon jini na wata biyu da Flagyl bai yi wa komai ba. Wannan kaɗai ya isa a tura shi Yamai. Jimillar fararen ƙwayoyi na duba, ita kuwa ba ta taɓa wuce iyaka ba sai da aka sa kortizon.

NLR ba ta gano cutar ba, na'urar leƙe da awon nama ne suka gano ta. Sau biyu ta yi ƙarya, ranar kortizon da ranar masassara, kuma a ƙasar da masassara ke kama kusan kowa a ƙarshen damina, wannan ba ƙaramar nakasa ba ce. Da azatiyoprin yake sha, da ta ƙara ruɗa mu, don shi ma yana rage limfosit. Sau ɗaya ta yi amfani na gaske, a Janairu, lokacin da CRP ta yi shiru, shi ma majinyacin ya yi shiru. A nan ɗin ma sai da aka auna ta da tasa ta asali. Iyakar 2 da aka samo daga majinyatan Turkiyya da ta bar shi ya wuce.

A ganina plaket sun fi ta riƙon amana a wannan majinyaci. Ba su yi tsalle da kortizon ba, kuma faɗuwarsu ce ta tona asirin masassara. Rauninsu shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana ɗaga su, shi ya sa na nemi feritin a Janairu kafin in ɗora laifin a kan hanji. Lambobin da ake haɗawa da rabo, irin PLR, ban ga abin da suka ƙara mini ba wanda duban plaket da limfosit daban-daban bai ba ni ba. Kalprotektin ya fi su duka daidaito, amma awon da ke ɗaukar mako biyu da kuɗin ɗinkin kaya da yawa ba na kowane wata ba ne ga telan Tawa.

Yanzu duk mai zawon jini da ya wuce mako huɗu, ina tambayarsa tsofaffin takardu tun zuwan farko, kuma matar gida nake fara tambaya. Shi kuma telan an mai da NFS ɗinsa duk wata uku, na gaba a Nuwamban 2024 bayan masassarar kaka ta lafa. A shafin ƙarshe na littafin na rubuta masa 2030, shekara takwas da fara ciwon, lokacin da za a fara leƙa hanjin a kai a kai saboda haɗarin kansa.